Sa'anda Ruwa Ya Janye: Jawabi a Kan Shirin Ritaya

 

Sa'anda kwamitin shirya wannan biki suka aiko mini cewa ni ne zan yi magana a kan ritaya, na ce wa maiɗakina, to, sun hangi furfura ke nan. Ita kuwa ta ce ba furfura suka hanga ba, hanya ce suke nuna mini cikin ladabi. Ko wanne ne na karɓa, gama 'yan shekaru kaɗan suka rage mini in miƙa mabuɗin gidan fasto. Saboda haka abin da zan faɗa yau, kunnena ne zai fara jinsa kafin naku.

Ikkilisiyar da ta cika shekara 50 ikkilisiya ce mai tsofaffi. Waɗanda suka ɗebo ruwa da ƙasa aka yi ginin farko suna samari, yau wanda ya rage a cikinsu da sanda yake shigowa. Idan na tsaya a bagadi ran Lahadi na duba, da wuya in ga benci guda da babu wanda ya aje aiki ko ya kusa. Wasunsu suna zaune cikin rufin asiri. Wasu kuwa ni na san abin da suke faɗa mini a ofis bayan an tashi sujada. Saboda waɗannan na biyu ne na yarda in yi magana.

Wasu masu bi sukan ce babu ritaya a cikin Littafi Mai Tsarki. Akwai. A Littafin Ƙidaya sura 8, an ƙayyade wa Lawiyawa su shiga hidimar alfarwa suna da shekara 25, su sauka daga aikin ƙarfi sa'anda suka kai 50. Amma ba a kore su gida ba, an bar musu taimakon 'yan'uwansu wajen tsaro da lura. Wato an sauke musu kaya daga kai, ba a raba su da alfarwa ba. Malaminmu a makarantar Littafi Mai Tsarki ya wuce wannan wuri da sauri, mu ma ba mu tsayar da shi da tambaya ba, gama a lokacin wa yake tunanin hamsin a cikinmu?

Mu mazauna bakin kogin Haɗejiya ba mu bukatar a ɗauko mana misali daga nesa. Manomin fadama yakan shuka shinkafa da ruwan farko, ta tashi tare da cikar kogi, ya yanke ta da kaka bayan ruwa ya janye. Baƙo zai ce aikin shekara ya ƙare ke nan. Manomi kuwa ya san ƙasa tana riƙe da lema, ya kuma san lemar ba ta jiran kowa, saboda haka yakan bi bayan ruwan nan da nan da wake ko kankana. Wanda ya tanadi iri tun ruwa yana cike shi ne yake cin amfani na biyu. Wanda kuwa sai ruwa ya janye zai fita neman iri, kafin ya dawo iskar hunturu ta shanye lemar, ƙasa ta tsattsage. 'Yan'uwa, shekarun albashi su ne cikar ruwa, ritaya kuma janyewarsa. Lemar da za a bar maka ita ce sauran ƙarfinka, da saninka, da mutanen da ka sani, da 'yan kuɗin sallama. Tana isa ta ciyar da gida shekara da shekaru, amma ga wanda yake da iri a hannu.

Ranar janyewar kuwa ba a ɓoye take ba. Ma'aikacin gwamnati yakan sauka idan ya kai shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar tarayya ta 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 da 40. Wanda ya kama aiki yana da shekara 22, a 57 zai sauka, da ƙarfinsa, wataƙila autansa bai gama sakandare ba. Tun ranar da aka ba ka takardar kama aiki kana iya ƙirga ranar fitarka da yatsa. Duk da haka sau nawa mutum yakan zo mini da takardar sallama a hannu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwar farat ɗaya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in fara da fansho. Tun dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin tarayya da na kamfani yana da asusun kansa. Ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, mai aikin ya ƙara aƙalla kashi 10, wani kamfanin kula da fansho yana juya kuɗin a ƙarƙashin Hukumar Fansho ta Ƙasa. Jiharmu ta Jigawa kuwa tana da nata tsarin na karo-karo tun 2001, domin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Ya kamata kowa ya san a wanne tsari yake, ya kuma je da ƙafarsa ya ga ko abin da ake cirewa yana shiga inda aka ce. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Abin da ya fi tsayar da mutane a bakin ƙofa ba mugunta ba ce, takarda ce. Akwai wani ɗan'uwa, ba zan faɗi suna ba, wanda shekarar haihuwarsa a fayil daban, a banki daban, a katin ɗan ƙasa kuma daban. Sunan mahaifinsa ma iri biyu aka rubuta. Ya yi wata da watanni yana hawa mota yana sauka, yana cin bashin kuɗin motar, kafin aka biya shi ko sisi. Da ya gyara tun yana ofis, da kwana biyu sun isa. Ku nemo takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, ku sa a jaka guda. Ku duba sunan wanda kuka rubuta magaji. Da yawa sun rubuta sunan wa ko ƙane tun suna gwauraye, aka yi aure aka haifi 'ya'ya ba a sake ba. Na taɓa raka wata gwauruwa roƙon ƙanen mijinta ya sa hannu domin ta karɓi haƙƙin marayunta. Ba na fata in sake yin irin wannan tafiya.

Ko an biya ka daidai, kada ka jingina da fansho kaɗai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 125 ne a 1981. Ya zama 18,000 a 2011, ya zama 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Ku tambayi iyayenmu mata wanne ne a ciki ya fi cika kwando a kasuwa. Tsarin mulki ya ce a riƙa duba fansho duk shekara 5, ko duk sa'anda aka yi ƙarin albashi, amma kasuwa ba ta jiran shekara biyar. Mun ga abin da ya faru da kuɗin mota da kwanon masara bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Wanda yake aiki yana da ƙungiyar da za ta yi masa yajin aiki. Tsoho wa zai yi wa yaji?

Na san a cikinmu akwai teloli, da masu shago, da masu ƙyafa kifi, da makanikai, da masu bishara na ƙauye waɗanda suke ci daga baiko. Kuna iya cewa wannan magana ta ma'aikata ce. Ta fi zama taku, gama ku babu mai rubuto muku takarda, ido ne ko gwiwa za su sallame ku ba sanarwa. Tun 2019 an buɗe wa masu sana'ar kansu hanyar zuba kuɗin fansho kaɗan kaɗan, gwargwadon ƙarfi. Wanda bai gamsu da wannan ba, ya yi adashi, ya sayi tunkiya, ya dasa mangwaro. Abin da ba shi da kyau shi ne a cinye yau duka a ce 'ya'ya za su riƙe mu. 'Ya'yan namu da yawansu suna Kano da Abuja da takardun digiri suna neman abin yi. Girmama iyaye wajibi ne a kansu, ba kuwa zan daina wa'azinsa ba, amma kada mu ɗora wa maraƙi kayan bijimi.

Sai kuɗin sallama. Ranar da garatuti ya shiga asusu, mutum yakan ga kuɗin da bai taɓa riƙe irinsa a dunƙule ba, labari kuma yakan riga shi isa gida. Wani malami da na sani ya sayi motar haya da nasa, alhali bai taɓa buɗe gaban mota ba, ya ba wani yaro tuƙi. Shekara ba ta zagayo ba motar tana kan duwatsu a garejin makaniki. Wasu kuma masu ninka kuɗi ne suke cinye su. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, masu bi kuwa suna cikin waɗanda suka yi kuka. Ba ina magana kamar mai wayo ba ne. Ni ma an taɓa cin nawa. Wani da muke addu'a tare ne ya kawo mini takarda mai hatimi, na zuba kuɗin da muka tara domin kwanon rufi, har yau ko ƙusa ban gani ba. Maiɗakina ta yafe mini, amma ba ta manta ba. Shawarata ita ce, idan kuɗin ya shigo a bar shi ya kwana wata uku ba a taɓa ba, a kuma zauna da uwargida kafin a fitar da ko naira ɗaya. Sana'ar da ba ka koya kana da albashi ba, kada ka koye ta da garatuti.

Wannan ya kawo ni ga gona, gama kusan kowa a nan idan ka tambaye shi abin da zai yi bayan ritaya, sai ya ce noma. Madalla. Allah ya ba mu ƙasa. Ga shinkafa, ga alkama da rani, ga riɗi da zoɓo a tudu, ga aikin noman rani na Auyo wanda aka gyara aka ƙaddamar a farkon 2023. Tsarin mulki kuma ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa noma, saboda haka babu mai hujjar jira. Sai dai fadama ba ta san tsohon darakta ba. Kogin nan ba shi ne wanda iyayenmu suka sani ba. Tun da aka datse shi a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, lokacin cikarsa da janyewarsa ya sake. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Marma, ta kori ruwa zuwa gonakin da dā ba ya kai wa, ta kuma zama masaukin jan baki, tsuntsun da yake iya gama gonar shinkafa kafin mai ita ya karya kumallo. Dukanmu mun ga 2020 da 2022, yadda ruwa ya shafe gonaki da gidaje a Auyo, da Kafin Hausa, da Kirikasamma, da Guri. Manomin gado ya yi kuka, ya jira rani, ya tashi, domin yana da akuya, yana da koma, yana da 'yan'uwa a tudu. Ɗan fanshon da ya zuba dukan abin da yake da shi a shinkafar damina guda, da me zai tashi?

Saboda haka a fara tun saura shekara biyar ko goma, da kadada guda ko rabi. A yi asarar farko tun albashi yana nan ya share hawaye. A raba ƙafa, kaɗan a fadama, kaɗan a tudu, da 'yan dabbobi a gida. A yi zaman lafiya da maƙwabcin gona da makiyayin da yake saukowa da rani, gama su ne za su gaya maka inda ruwa yake bi da inda burtali yake. Ko aro ne, ko haya, ko jingina, ko saye, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu.

Maganar gida ta fi taɓa ni. Wanda ya zauna a gidan gwamnati, ko barikin 'yan sanda, ko gidan mishan, ranar da aiki ya ƙare ɗaki ma ya ƙare. Mu fastoci mun fi kowa sakaci a nan. Mukan gina majami'a uku ko huɗu a rayuwarmu, mu sauka ba mu da ɗaki guda na kanmu. Na san wani bawan Allah da ya yi hidima fiye da shekara talatin, ya ƙare a shagon gidan surukinsa. Ɗaki biyu da ka gina da bulo ɗari yau, ɗari baɗi, sun fi babban gidan da yake cikin zuciya. Idan kuwa za ka sayi fili a wannan yanki, kada ka saya a watan Maris sa'anda ko'ina busasshe ne. Ka je ka gan shi a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, ka dubi alamar ruwa a bangon maƙwabta.

Amma a ina za a yi ginin? Da yawanmu aiki ne ya kawo mu ko ya kawo iyayenmu, wasu jirgin ƙasa na hanyar Kano zuwa Nguru ya sauke su a Malam Madori, wasu asibiti, wasu makaranta, wasu hukumar kogi. Akwai 'yan Filato a nan, da na kudancin Kaduna, da na Borno da Adamawa, da mu da aka haifa a ƙasar Hausa. Mutum yakan ce idan na gama zan koma gida. Ya kwashe kaya ya tafi, ya tarar sa'o'insa sun mutu, gonar gado an rabe, yara suna tambaya wane ne wannan baƙo. 'Ya'yansa kuwa Hausar Haɗejiya ce a bakinsu, ba su jin yaren garin. Uwargida ta bar ƙawayenta na Zumunta da masu sayen kayanta. Na ga waɗanda suka dawo bayan shekara biyu, gidan da suka sayar kuwa ya riga ya zama na wani. Na kuma ga waɗanda suka koma suka ji daɗi, amma su ne waɗanda ba su yanke zumunci ba, suna zuwa biki da makoki, suna da ɗaki a can tun da wuri. Ban ce a zauna ba, ban ce a tafi ba. Na dai ce kada maigida ya yanke wannan shawara shi kaɗai, kada kuma a bar ta sai ranar da mota ta tsaya a ƙofa.

Yanzu a ce an biya fansho, akwai ɗaki, akwai hatsi. Gari ya waye ran Litinin, ƙarfe bakwai ta yi, babu inda ake jiranka. Wayar da dā ba ta hutawa ta yi shiru. Masu cewa ranka ya daɗe sun koma ƙofar wanda ya gaje ka. Wannan shirun yana kwantar da mutum kamar yadda hawan jini da ciwon suga suke yi, sau da yawa ma tare suke zuwa. Iyayenmu mata sun fi mu jimrewa, domin hannunsu bai taɓa zama banza ba. Mu maza ne mukan zauna a ƙarƙashin darbejiya da rediyo, muna gyara gwamnati, muna ƙirga naman da yake cikin miya, har uwargida ta fara addu'a a sake kiranmu aiki.

Dole ne mutum ya sami abin da zai tashe shi da safe, abin da wani yake bukata daga gare shi. Tsohon malami, ga yaranmu da suke aji huɗu ba su iya karatu ba, ga manya da suke marmarin karanta Littafi da kansu. Tsohuwar nas, wa ya fi ki dacewa ki auna jinin tsofaffi bayan sujada, ki zauna da masu ciki? Tsohon akawu, littafin kuɗin ikkilisiya yana kuka. Tsohon malamin gona, matasanmu suna sayen maganin feshi ba su san awo ba. Ba kuwa a cikin majami'a kaɗai ba. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muka yi shekara hamsin muna cin kasuwa ɗaya, muka kuma cika buhunan yashi tare sa'anda ruwa ya tasar wa gari, su ma suna da yara da marasa lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai akwai bambanci tsakanin taimako da riƙe kujera. Ina son labarin Barzillai a littafin Sama'ila na biyu, sura 19. Attajiri ne mai shekara 80 wanda ya ciyar da sarki Dawuda a lokacin gudun hijira. Da sarki zai koma Urushalima ya gayyace shi fada. Tsohon ya raka shi har ƙetaren Urdun, ya ƙi tayin, gama ya san bakinsa da kunnensa sun riga sun gaji, ya miƙa Kimham a madadinsa, shi kuwa ya koma garinsu. Dattawa, ku gafarce ni. A cikinmu akwai wanda ya riƙe muƙami guda tun kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991. Yaron da aka haifa a shekarar yau magidanci ne mai 'ya'ya, har yanzu muna ce masa bai isa ba. Yaushe zai isa? Gara ka miƙa masa kana da rai, ya yi kuskure kana kusa ka gyara, da a miƙa masa a bakin kabarinka. Fasto mai ritaya kuma, da ni nake, idan ya sauka ya sauka. Kada gidansa ya zama ofis na biyu inda ake kai ƙarar sabon fasto.

Abu guda ya rage wanda ba mu son ji, wato wasiyya. Rubuta ta ba ya kiran mutuwa. Ka rubuta abin da kake da shi, da bashin da ake binka, da wanda kake bi, ka sa shaidu, matarka ta san inda takardar fili take. Dangin da ba su taɓa kawo maka ko kwanon gero ba, su ne sukan fara isowa da mota.

Ina da roƙo ga majalisar dattawa, na kuma riga na ba sakatare a rubuce. A keɓe baikon Lahadi guda a shekara domin tsofaffin ma'aikatan ikkilisiya da gwaurayensu, musamman masu bisharar ƙauye, a sa shi a asusu dabam wanda ba za a ranta domin gini ba. A kuma naɗa mutum uku daga cikin 'yan fanshonmu, har da mace, waɗanda suka riga suka bi layin nan suka san ƙofofinsa, su riƙa zama sau ɗaya a wata da duk wanda saura masa shekara biyar ko ƙasa da haka, su duba takardunsa tare. Ran Asabar ta fari bayan bikin nan, da ƙarfe goma na safe, za a buɗe ɗakin Makarantar Lahadi domin zama na farko. Kowa ya zo da jakarsa, ya zo da matarsa ko mijinta. Ni ma zan zo da tawa jakar, gama da na buɗe ta a makon jiya na tarar takardar naɗina ta ɓata.